Anzar Iya

Bana damina ta makara. Kwana goma sha ke nan hadari yake haɗowa ta gabas, ya yi baƙi ƙirin har kaji su fara neman maɓoya, sai iska ta kwashe shi ta yi yamma da shi, ko ɗigo ba a samu ba. Maza sun yi binne, sun zuba iri a busasshiyar ƙasa, suna zaune a rumfa suna kallon sama. Zafi kuwa, in ka taɓa ƙofar langa-langa da tsakar rana sai ka janye hannu. Shekaranjiya na fita bayan gari, na bi ta tudun gonarmu, na tarar anza ta nuna, 'ya'yanta sun yi rawaya sun zube, ba mai tsinka sai tsuntsaye. Na daɗe a tsaye a wurin. Irin wannan zafin, da irin wannan warin 'ya'yan da suka fashe a rana, su suka mayar da ni wata bazara da ta wuce shekara arba'in.

Ni 'yar masunta ce. A gidan ubana kifi muka sani da shinkafar fadama. Da aka yi mini aure aka kawo ni wannan ƙauye, gabas da Haɗeja ta hanyar Guri, mu uku ne a gidan: ni da maigida da mahaifiyarsa, wadda nake kira Iya. Ita ba 'yar nan ba ce. Daga arewa aka auro ta, can ƙasar rairayi ta wajen Tafkin Cadi, kuma har ta bar duniya Hausarta da ɗan karkata. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. An ce ta ga yunwa tana ƙarama, su bakwai aka haifa, biyu suka rage. Daga bakin wasu na ji, ita ba ta taɓa faɗa mini ba.

Iya tana da wani abu da gari yake yi mata dariya a kai. A gefen gonar tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, ta shuka anza, gindi goma sha tara. Wanda bai san ta ba, ƙaramar itaciya ce, tsayinta bai fi na mutum ba, ganyenta kauri kamar fata, kore shar ko da rani ya ƙone komai. 'Ya'yanta ƙulu-ƙulu, a ciki akwai ƙwaya mai kama da wake, mai ɗacin da ban san da me zan kwatanta shi ba. A ƙasar su Iya a daji take fitowa. A nan kuwa, inda kogi yake kawo mana abinci har bakin ƙofa, ba wanda ya ga dalilin shuka ta. Gonar ɗaci, haka mutane suke kiran wurin.

Watana biyu a gidan ta ba ni aikin ƙananan. Guda shida ne, sabbin tsiro, kowanne bai wuce taƙi ba. Ta nuna mini yadda take yi. Ƙwayar ba ta jira, ranar da aka ɓare ta ranar ake binnewa, kuma a gindin tsohon suri ta fi so. Ba a cire ta a dasa wani wuri, saiwar ba ta yarda. Kowane tsiro an kewaye shi da ƙayar magarya, a gefensa an binne tsohon tulu mai tsaga. Duk kwana uku zan ɗauki ruwan wanke-wanke in zuba a tulunan in rufe da tsingaro, ruwan ya riƙa tsatsafowa a hankali.

Wata rana na gaji, na ce, “Iya, waɗannan yaushe za su yi 'ya'ya?”

Ta ce, “Ki haifi naki tukuna, ki yaye, ki sake haifa.”

“To me za a yi da su? Akuya ma sai ta rasa abin ci take taɓa su.”

“Haka mutum ma,” in ji ta. Ta ci gaba da gyara ƙayarta.

A shekara ta uku da aurena na haifi 'ya mace, aka sa mata sunan Iya, don haka Ummi muke ce mata. A shekarar ne damina ta yanke. Gero ya yi kara, ya tsaya, bai fitar da kai ba, ganyen ya naɗe ya bushe a tsaye. Muka ce ba komai, ai akwai kogi. Kowace shekara ruwa yakan taho daga yamma ya haura gaɓa ya malale fadama, kifi ya biyo shi, in ya janye a shuka wake da sauran su a danshin da ya bari. A shekarar ruwan bai fito daga kwarinsa ba. Wasu suka ce an tare shi a sama, wasu suka ce ikon Allah ne. Fadama ta tsage, tsagar da ƙafar yaro za ta shige.

Yau matsalarmu akasin haka ce. Kacalla, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya rasa mabi, sai ya shigo gonaki ya zauna wata biyu. Masu tasowa in ka ce musu akwai shekarar da aka bi tsakiyar kogin nan da ƙafa, takalmi bai jiƙe ba, kallonka kawai suke yi.

Abin bai zo lokaci ɗaya ba. Da farko aka rage tuwo ya koma sau ɗaya. Sannan aka fara haɗa dusa. Maza suka riƙa fita da fartanya suna tonon gaiwa, kifin nan da yake binne kansa a busasshen taɓo yana jiran ruwa. Mata muka bi inda tafkuna suke a da, muna haƙar saiwar bado. Da waɗannan suka ƙare aka koma goruba, a daka ɓawon a dama. Awaki suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Da sanyi ya wuce, maigida ya haɗa komarsa ta kamun kifi ya bi sauran maza zuwa Tafkin Cadi, inda aka ce har yanzu ana kamu. Ya bar mana abin da ya rage a rumbu, ya ce kafin ruwan fari zai dawo.

Hatsin ya kai mu tsakiyar bazara. Ranar da na share gindin rumbu da tafin hannu, Iya ta ɗauki ƙwarya ta ce in goya Ummi in biyo ta.

Duk tudun ya koma fari fat, ba ciyawa ko ta sakace, amma anzar tana nan kore, rassan sun sunkuya da 'ya'ya. Tsofaffin gindin goma sha uku su ne masu bayarwa. Iya ta nuna mini wanda ya isa tsinka, ta hana ni jan reshe. Muka shanya, ya bushe a kwana biyu saboda ƙarfin rana, muka daka a turmi sama-sama har ɓawon ya fashe, muka bakace. Sai ta fito da tukwane bakwai ta jera a inuwar katanga.

“Ki saurara da kyau, Dije,” ta ce. “Wannan abinci ce, kuma guba ce. Ruwa ne ke raba su. Kwana bakwai a jiƙe, kullum a sake ruwa. In bai cika ba, ba a ci.”

A lokacin rijiya ɗaya ta rage a garin, kuma mai unguwa ya yanka wa kowane gida tulu biyu. Ɗaya na sha da girki, ɗaya na anza. Dabarar Iya ita ce, sabon ruwa a tukunyar da ta fi daɗewa ake zubawa. Wanda aka tsiyaye daga cikinta a mayar wa mai bi mata, haka har zuwa ta farko. Ruwan da ya fito daga ta ƙarshe, baƙi-baƙi mai kumfa, shi nake kai wa ƙananan tsiron nan shida. Ko ɗigo ba ya zuba a banza. Kullum tukunya ɗaya za ta cika kwana bakwai, mu dafa da ɗan toka, mu ci kamar dafaffen wake, a sake cika tukunyar ta koma farkon layi.

Makon farko, kafin ta fari ta nuna, goruba da ruwa muka sha. Ba na son tuna wannan makon.

Ko bayan ruwa bakwai ba daɗi gare ta ba. Lami ce, da ɗan ɗaci can a maƙogwaro, tana zama a ciki kamar ka haɗiyi yumɓu. Amma tana tsayar da mutum da ƙafafunsa, kuma nono ya dawo mini. Kafin mu ci, Iya za ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna da haƙoran gaba. Harshenta ya san kwanan kowace tukunya ba tare da an ƙirga mata ba.

Gari ya ji labari. Masu dariya suka fara zuwa da ƙorai. Iya ba ta hana kowa ba, kuma ba ta yi wa kowa gori ba, sai dai ta kafa sharaɗi: ba a karya reshe, ba a tsinkar ɗanye, kuma duk wadda za ta ɗiba sai ta zauna an koya mata jiƙo. Da hantsi za ta tafi tudun ta zauna a 'yar inuwar gindi ɗaya da sandarta, har la'asar, tana tsaro. Mata suna tsinka tana nuna musu da sanda. Wata Laraba, maƙwabciyarmu, mai 'ya'ya biyar, ta taɓa durƙusawa a gabanta tana kuka, tana neman gafarar abin da ta faɗa a baya. Iya ta ce, “Tashi, rana tana yi. Wancan reshen na ƙasa ya nuna.”

Haka muka yi wata guda da 'yan kwanaki. Da asuba in bi layin rijiya, guga yana dawowa da rabi, rabin ma laka. In dawo in juya tukwane. In daka na gobe. In dafa na yau. Zafi ya kai inda tsuntsu yake faɗowa daga bishiya da baki a buɗe. Gari ya yi tsit, ba ƙarar turmi sai namu da na masu anza, ba kukan dabba, yara ma sun daina wasa, suna kwance a gindin katanga. Kusan kowane mako sai an fita da gawa, yawanci tsofaffi da masu shan nono.

Sai ƙafafun Iya suka kumbura. In ka danna da yatsa wurin ya lotsa ya tsaya. Ta daina zuwa tudu, daga baya ta daina fitowa tsakar gida. Daga kan tabarmarta take tambaya, “Kin juya? Ta nawa ce yau?” Komai ya dawo kaina.

Ranar wata Talata gefen rijiyar ya rufta. Ba wanda ya mutu, amma ƙasa ta rufe ruwan. Mazan da suka rage a gari ba su da yawa, ba su kuma da ƙarfi, wanda ya shiga ramin ba ya daɗewa sai a jawo shi yana haki. Suka ce kwana biyu. Ya zama biyar. Mata muka koma bin kwarin kogi, tafiyar rabin yini, mu tona rairayi da ƙoƙo har kafaɗa, mu jira ruwa ya tsatso. Rabin tulu nake samowa, da Ummi a baya. Na sha ne kawai. Na anza babu.

Tukwane suka tsaya inda suke. Ranar farko muka ci mai ruwa bakwai. Washegari mai shida, da ɗaci amma ta ciyu. Rana ta uku mai biyar. Iya ta sa na tafasa ta sau biyu da toka, duk da haka cikinmu ya yi ta murɗa, kuma Ummi ta kama nono ta saki tana kuka, ta yi ta zawo. A rana ta huɗu, kukan ma ya ragu, sai ɗan ƙugi. Maɗigarta ta faɗa. Na matsa nono, abin da ya fito bai kai a kira shi nono ba.

Saura tukunya mai ruwa huɗu. Na bayanta sun fara tsami da wari.

Iya ta kira ni. Ta ce in ɗaga kan tabarmarta. Akwai wani ƙullin tsumma, a ciki busasshiyar anza ce wadda ta cika ruwa bakwai, da take ɗan ɗiba tana shanyawa tun farko. Ba ta fi tafi ɗaya da rabi ba.

“Ki haɗa da mai huɗun nan,” ta ce. “Ki dafa tare, ɗacin zai ragu. Mu raba.”

Na ce to.

Na shiga madafi na hura wuta. Na ɗora tukunya. Na tsaya da ƙullin a hannu, Ummi a bayana, ina jin numfashinta ɗan sama-sama a tsakanin kafaɗuna. Ba zan ce shaiɗan ne ba, ba zan ce hankalina ya gushe ba. Da hankalina na ɗauko ƙaramar tukunya ta biyu. Na dafa mai kyau daban, na dafa mai huɗu daban. Mai kyan na cinye ta a tsaye a bayan madafi, da zafinta, tana ƙona mini baki, ina sauri kamar ɓarauniya. Sannan na zuba ɗayar a akushi, na ƙara mata toka ko za ta ɓoye, na kai ɗaki.

Iya ta tashi zaune da ƙyar. Ta yi bisimilla. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta tauna da haƙoran gaba, yadda ta saba. Ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni. Ban iya kawar da ido ba. Ba fushi a fuskarta, ba mamaki. Kallo ne kawai, mai tsawo.

“Kin ci naki?”

“Na ci, Iya.”

“Takwarata ta sha?”

“Yanzu zan ba ta.”

“To je ki ba ta.”

Ban tafi ba. Na zauna a bakin ƙofa na juyo da Ummi na sa mata nono, ina jin Iya tana ci a bayana, ƙwaya-ƙwaya, a hankali. Sau biyu ta tsaya ta yi tari. Na ji lokacin da yatsunta suka kai gindin akushi.

Kafin la'asar amai ya fara. Sannan zawo. Jikin da babu komai a cikinsa, ban san daga ina abin yake fitowa ba. Na ba ta sauran ruwan tulu duka, yana shiga yana dawowa. Washegari da hantsi aka yi shewa a bakin rijiya, an kai ga ruwa. Kwana ɗaya. Da na san saura kwana ɗaya ne... amma ban sani ba, kuma ko da ruwan ya dawo, tukwanen sai sun sake jira.

Na ɗebo, na wanke ta, na canza mata zane. Laraba ta kawo ɗan kunun da ta dama da garin anzarta, Iya ta kurɓi biyu ta kawar da kai. Kwana uku ta yi. A cikinsu ba ta ce mini komai a kan akushin nan ba, ko da ido. Abin da ya dame ta shi ne tudu. Ta ce in je in duba ko an karya mata rassa tun da ba mai tsaro. Na je, an karya da yawa, gindi biyu ma an sare su har ƙasa. Na dawo na ce mata lafiya lau suke. Ta ce ƙananan nan shida, daga bana in daina ba su ruwa, in tone tulunan, saiwarsu ta isa neman nata. Shi ne zance mai tsawo na ƙarshe da ta yi. Ranar Litinin, rana ta ɗan ɗaga, ta cika.

Matan da suka yi mata wanka suka ce yunwa ce, ga kumburi nan. A makon nan kaɗai ita ce ta uku. Ba wanda ya tambaye ni komai. Mai yiwuwa ma gaskiyarsu ce, mai yiwuwa ko me ta ci ba za ta kai damina ba. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa.

Ummi ta tashi. Nono ya dawo kaɗan-kaɗan, maɗiga ta cika. Yanzu tana aure a Kirikasamma, da jikokinta. Tana da tsayin mai sunanta da irin shirunta. Ba ta san wannan labarin ba.

Kwana tara bayan rasuwarta, ruwa ya sauka. Da azahar ya zo, da iska mai ƙarfi, ƙasa ta yi wani ƙamshi har cikin kai. Mutane suka fito suka tsaya a cikinsa, wasu suna kabbara, wasu sun buɗe baki sama. Na fitar da tukwanen nan bakwai na jera a tsakar gida, suka cika suka tumbatsa tun ban gama kallonsu ba. Yau akwai famfo mai aiki da hasken rana a tsakiyar gari, ruwa yana zuba yana bin kwata, mata suna hira ba mai kashewa. Ni in na wuce sai na kashe. Suna cewa tsufa ne.

Maigida ya iso bayan mako biyu, da buhun bandar kifi a ka da ɗan gero na iri. A hanya aka tare shi da labari. Ya je maƙabarta kafin ya shigo gida. Bai yi kuka a gabana ba. Muka yi shuka mu biyu, shi yana sara ni ina zuba iri ina takewa.

Sai da gero ya kai gwiwa na faɗa masa. Muna noman farko ne, rana ta take, muka zauna shan ruwa a bakin gona. Na fara daga ruftawar rijiya, ban tsallake komai ba, har ƙullin tsumma, har tukunya ta biyu, har inda na tsaya na ci. Ina magana yana kallon bakin fartanyarsa, yana kankare ƙasar da ta manne da ɗan kara.

Da na gama ya ajiye karan. Can ya ce, “Ta ɗanɗana kafin ta ci?”

Na ce, “Ta ɗanɗana.”

“Ta rage?”

“Ta cinye duka.”

Ya gyaɗa kai. “To ta sani ke nan.”

Ya miƙe ya saɓa fartanya ya koma kunyarsa. Har yau ban san ko sauke mini nauyi ya yi niyya ba, ko ƙara mini. Mun zauna tare shekara talatin da ɗaya bayan nan, muka haifi shida, bai taɓa ɗaga mini murya a kan komai ba. Sau da yawa na buɗe baki zan tambaye shi abin da yake nufi. Har aka ɗauki gawarsa daga ɗakin nan ban tambaya ba.